Inna Ta Fita Takaba

Baba ya rasu da farkon damina, a shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Lokacin da Inna ta fita takaba an riga an yanke gero, dawa ce kawai a tsaye. Ina aiki a Kebbe a lokacin, ni ne malamin ɗakin shan magani, sai na nemi izini na hau kekena na taho Tambuwal saboda ranar. Na tarar da gida cike da mata. An toya waina an raba sadaka, an yi mata kitso, ta ɗaura sabon zane baƙi mai ratsin fari. Kowa ya ɗauka daga nan za ta koma kan tabarmarta da carbinta da mazarin kaɗinta, kamar yadda tsofaffin unguwarmu suke yi.

Tun da aka kawo ta daga Jabo tana amarya, a kulle take. Baba tela ne, kuma manomi, mutum mai sanyin hali wanda ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Amma a gidanmu mace ba ta fita da rana. Haka ya tarar, haka ya riƙe. In an yi haihuwa ko rasuwa a dangi sai bayan magariba take fita, a lulluɓe, da fitila a hannun mai rakiya. Ƙafarta ta san Tambuwal, ta san inda kwata take da inda rairayi yake, amma ba ta san kamannin ƙofar gidan maƙwabta ba.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kuma duban idona ta yi mini magana. In tana son in ji wani abu sai ta faɗa wa wanda ke kusa, in babu kowa ta faɗa wa tukunya. Haka na tashi, kuma abin bai taɓa damuna ba.

Washegarin fitar takaba, ƙanwata da ke aure a unguwar ta ja ni gefe ta ce Inna ba daidai take ba, ko da yake ba ciwo take yi ba. Ta ce tun kafin takabar ta ƙare ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗauki kaɗi, ta ajiye. Ta je bakin zaure daga ciki ta tsaya tana sauraron motocin da ke wucewa kan hanyar Jega, ba ta dawowa sai an kira ta. Na ce baƙin ciki ne, zai wuce, har na fara tunanin maganin da zan aiko mata da shi. Muna cikin maganar sai ga Inna ta fito daga ɗaki da mayafi a kafaɗa. Ta dubi ƙanwata ta ce:

"Ki ce mai shi kai ni gona. Ina son in gan ta da idona."

Na je na sami Baffa, ƙanen Baba, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Ya ce shi bai hana ta fita ba, ta kai shekarun da babu mai ce mata don me. Tsohuwa takan je kasuwa, takan je suna, takan je gaisuwa. Amma duk waɗannan fita ce mai dalili. Ya tambaye ni me za ta yi a gona, ita da ba ta taɓa riƙe hauya ba. Na ce kallo. Ya maimaita kalmar a hankali, kamar daga wani yare na ɗebo masa ita. A lokacin ba mu san mai barin gidansa don kallon wuri kawai ba in ba Turawa ba, waɗanda mukan tarar sun tsayar da mota a bakin daji suna duban tsuntsaye. A ƙarshe ya ce in kai ta da sassafe, mu dawo kafin mutane su cika hanya.

Ba mu fita da sassafe ba. Inna ta yi ta jan jiki, ta nemi takalmi, ta sake ɗaurin kallabi, har hantsi ya yi sosai. Daga baya na gane da gangan ta yi. Muka ratsa gari tana gaba ina baya, ita da ba ta san hanyar ba, sai in mun kai mararraba ta ɗan dakata in wuce in nuna da ƙafa. Ta tsaya a gaban rumfar da Baba ya yi ɗinki shekara da shekaru. Wani ya riga ya kafa kekensa a ciki, ya tashi ya gaishe ta, ta amsa, idonta na kan rufin rumfar. A tasha akwai wata babbar mota ana loda mata buhunan gero. Inna ta zagaye ta kaf, ta taɓa tayar, ta duba tafin hannunta. Ni kuwa sai sunkuyar da kai nake yi, don na ga waɗanda suka san ni suna dubanmu.

Duk tasowarmu Baba yana maganar tsamiyar gonarsa, inda yake hutawa, inda yake salla, inda ya taɓa kashe wani kumurci. Damina bayan damina Inna tana aika masa da fura ƙarƙashin tsamiyar nan. Da muka isa ta tsaya ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce wa tsamiyar, ba ni ba:

"Ashe ke ƙarama ce."

Na share mata wuri a inuwa don ta huta. Ba ta zauna ba. Ta bi iyakar gonar, inda Baba ya dasa gamba, tun daga wannan kusurwa har waccan, ta karyi karan dawa ta ɗanɗana, ta tofar. Na yi tsammanin za ta yi kuka, har na juya baya don in ba ta wuri. Sai na ji muryarta tana tambayar iska abin da ke bayan tudun da ke gabanmu. Babu kowa a wurin sai ni, don haka na amsa. Na ce gonakin mutane ne, bayansu gonar gwaji ta gwamnati, bayanta kuma hanyar mota. Ta ce to. Muka juyo gida, kuma duk da ranar da ta take ba ta rage sauri ba.

Na koma Kebbe ina ganin an gama. Da na sake zuwa gida, ƙanwata ta ce tun tafiyata Inna ba ta wuni a gida ba. Ta je marina ta tsaya kan masu rini har suka ba ta kujera ta ƙi. Ta je maƙera. Ta bi ragowar ganuwar gari har inda ta ɓace cikin gonaki. Ta leƙa tsofaffin rijiyoyin da tun kafin a haife mu aka daina ɗiba a cikinsu. Ba ta saye, ba ta sayarwa, ba ta zuwa wurin kowa. In ta dawo ta ci abinci a tsaye. Yanzu kuma gonar gwaji take so, amma an ce mata sai da wanda ya san malamin wurin.

Na san shi, tare muka yi makarantar midil. Gonar tana bakin hanyar Jega, an kewaye ta da waya, kuma a duk ƙasarmu babu wuri irinta. Itatuwa a jere kamar an sa igiya: mangwaro mai aure, gwaiba, yazawa, lemo. Akwai shanun huɗa da garmarsu, da rijiya mai famfo. Direbobi sukan tsaya su zuba wa mota ruwa, fasinjoji su sauka su shiga kallo, wasu su roƙi 'ya'yan itace ko dashe su tafi da shi garinsu. Ran Juma'a da yamma kuma malaman makaranta da akawuna sukan zo da kekunansu su zauna a inuwa suna hira. Abokina ya zagaya da mu da kansa. Inna ta tambaye shi dalilin jera itatuwa, ta tambaye shi yadda ake aurar da mangwaro, ya nuna mata inda aka tsaga aka ɗaure. Ana koya wa wasu bijimai jan gungume, ta tsaya kallonsu har suka kai ƙarshen fili suka juyo. Ya tsinko mata gwaiba, ta gutsira, ta ƙulle sauran a bakin mayafi. Na ce a raina yau dai ta ga abin da ya ishe ta.

A bakin famfo muka tarar da wata mota ta tsaya tana huce zafi, fasinjojinta sun bazu a inuwa. Cikinsu akwai wata dattijuwa 'yar Yawuri mai fataucin busasshen kifi, bakinta ja wur da goro. Ita ta fara gaida Inna, ta tambaye ta ko ita ma matafiya ce. Inna ta ce a'a, 'yar gari ce, kallo ta zo. Matar ta yi dariya ta ce in wannan 'yar gona ce abin kallo, to Inna ba ta ga komai ba. Ta shiga ba ta labarin kogin garinsu, wai faɗinsa ya kai in mutum ya tsaya a wancan ƙetare ba ka gane namiji ne ko mace. Wai a tsakiyarsa akwai tsibirai da mutane a kai, suna noman albasa, ana haihuwarsu a can su tsufa a can. Matar tana zaune a kan ƙunshin kayanta tana faɗi, Inna tana tsaye a kanta, ta matsa nan ta matsa can. Sai da direba ya yi oda sannan suka rabu. A hanyar dawowa ina tura keke a bayanta, da ƙyar nake cim mata.

Magana ta fara yawo a unguwa, wai takaba ta taɓa ta. Baffa ya kira ni ya ce ni na fara, ni zan tsayar. Ban san ta inda zan ɓullo wa maganar ba, ni da ko doguwar gaisuwa ba ta haɗa ni da ita. Kafin in yanke shawara ita ta samo tata hanyar. Wasu tsofaffin unguwa suka shirya zuwa Sanyinna ziyarar kaburburan bayin Allah na zamanin jihadi, Inna ta ce za ta bi su. Wannan fita ce mai dalili, Baffa da kansa ya ba da aron jakinsa. Ɗaya daga cikin matan ta ba ni labari daga baya. Ta ce Inna ta yi addu'arta yadda ya kamata, ta shafa, amma kafin sauran su shafa tasu an neme ta an rasa. Aka same ta a ƙofar tsohon masallacin garin ta ɗaga kai tana duban yadda aka gicciya azara. Aka dawo da ita, aka zauna cin guzuri, aka sake rasa ta. Wannan karon a bayan gari aka gano ta, ta hau wani tsohon gini da ya zube tana hangen fadama. Daga ranar duk fitar da za ta yi sunanta ziyara. Baffa ya san ba haka ba ne, ita ma ta san ya sani, amma aka bar shi a haka.

Ranar wata kasuwar Kebbe, ina wanke wa wani manomi gyambo, aka ce mini ina da baƙuwa. Na leƙo na ga motar kasuwa ta tsaya, ana sauko da Inna daga kan buhuna. Ba ta aiko ba, ba ta taho da kowa ba. Hanyar Tambuwal zuwa Kebbe a lokacin rairayi ce da kwazazzabai, maza ma sukan sauka a galabaice. Ita kuwa ta kakkaɓe zanenta ta shiga duban gari.

Matata, wadda ba a daɗe da kawo ta ba, ta rikice. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura, ta kama kaza. Inna ta sha fura a bakin ƙofa, ta gaya mata cewa gulbi ta zo gani, ta faɗa wa mai gidan. Matata tana jin nauyin surukarta, tana jin nauyina a gabanta, sai ta sunkuya ta maimaita mini maganar da na riga na ji da kunnena.

Da la'asar na rufe ɗakin magani muka gangara. Ruwa ya fara janyewa, ya bar laka baƙa, mutane sun bi ta da shukar albasa da taba da rake. Ana jin kukan jigon ban ruwa ta ko'ina. Masunta suna kwance a kan gorunansu suna jan koma, belbelu sun yi fari a kan wani mataccen itace. Ni da nake ganin wurin kullum sai na ga ya yi mini kyau a ranar. Na ce a raina a nan kam za ta zauna. Ta tsoma ƙafa a ruwa, ta cire, ta bi gaɓa ta yi gaba, ta dawo. Sai ta nuna jirgin fito ta ce wa mai jirgin ƙetarewa za ta yi.

Na ce mata ta bakin mai jirgin cewa babu komai a can sai irin abin da ke nan. Ta riga ta sa ƙafa. Dole na shiga na zauna kusa da ita. Da muka kai tsakiya, inda ruwa ke da ƙarfi, ta yunƙura za ta miƙe don ta hangi inda gulbin ya karya kwana. Jirgi ya karkata, ruwa ya shigo, mai fito ya ce, "Zamna, Inna, don Allah." Ta koma zaune da ƙarfi ta cafke wuyan hannuna. Ban tuna ranar da ta taɓa ni ba kafin wannan, sai ko ina jariri. Jirgin ya daidaita amma ba ta sake ni ba. Tana duban ruwa ta ce, kuma ni take nufi, ba iska ba:

"Ubanku bai cuce ni ba, ka ji. Amma duk wuraren ga, ga bakin maza nika jin su. Su zamna zaure su ci tuwona, suna faɗin Kebbe, suna faɗin Jega, suna faɗin gulbi, ni ina bayan katanga ina ji. Na aza in na gani hankalina shi kwanta."

Na ce, "To ya kwanta, Inna?"

Ta ce, "Bai kwanta ba."

A ƙetare ta hau gaɓa, ta dubi gonakin albasa irin waɗanda muka baro, ta ɗan yi gaba kaɗan, ta dawo muka shiga jirgi. Ba ta ƙara yi mini magana ba a ranar. Washegari ta bi motar farko ta koma Tambuwal, ta bar matata da sauran kaza.

Ba a daɗe ba wani direba ya kawo mini saƙon baki daga ƙanwata: Inna ta tafi Yawuri. Mai kifin nan ta sake biyowa, Inna ta tare ta a gonar gwaji, inda ashe take zuwa jiranta duk ranar da motocin kudu ke wucewa. Ta dawo gida ta ƙulle zane biyu da buta, ta aika wa Baffa cewa ta tafi ziyara, kafin saƙon ya same shi mota ta tashi.

Na hau keke na taho. Baffa ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba. Ya ce tsohuwar da ba ta san kowa ba, ba ta taɓa kwana a wani gari ba in ban da Jabo da Kebbe, ta bi matar da ko sunan unguwarsu ba mu sani ba. In ta faɗi ciwo wa zai sanar da mu, in ta mutu wa zai binne ta. Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan. Na je tasha na bi direbobin kudu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya ga mai kama da ita a Koko tana sayen rogo. Wani ya ce tsofaffi da yawa yake ɗauka, ba ya duban fuskarsu. Na yi niyyar bin ta, amma babu wanda zan bar wa ɗakin magani, ga lokacin sanyi ya kawo tari da ciwon ido. Na koma Kebbe, na kasa zama. In ina ba da magani na ji ƙarar mota sai in fito da kwalba a hannu. Duk ranar da babu aiki ina kan hanyar Tambuwal, in je in tarar babu labari, in juyo. Tayar kekena ta baya ta ƙare a watan nan. Na rame har mutanen da nake dubawa suka fara tambayata ko lafiya.

Wata ya kusa cika sannan ta dawo. Na yi sa'a ina gari. Ta sauka daga mota ta yi baƙi, ta zabge, tana tari, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ga kwandon kifi a kai. Na kawo ruwan ɗumi da gishiri a kwano, na durƙusa na sa ƙafafunta a ciki. Na ce mata a hankali hankalinmu ya tashi ƙwarai. Ta juya wajen ƙanwata ta shiga ba ta labari da murya mai ƙarfi yadda kowa zai ji. Ta ce kogin babba ne, gaskiya, gulbin Kebbe ba ya kai rabinsa, amma mai kifi ta ƙara gishiri, ana gane mutum a ƙetare in an zura ido. Ta shiga jirgi mai inji. Ta taka tsibiri, ta ga yadda suke adana albasa a rumbu. Ta ce a bakin ruwa ta ji ana cewa can ƙasa akwai inda aka ɗora wa kogin gada, jirgin ƙasa yana bi ta kai. Ta faɗi maganar gadar nan, ta ci gaba da wani labari, ta sake komowa kanta.

Baffa ya shigo da fuska a ɗaure. Ya yi mata sannu da zuwa a taƙaice, ya tsaya kamar zai fita. Sai ya ji ana maganar tsibiri, ya jingina da bango. Can ya tambayi ko gaskiya ne shanu suke da su a kan tsibiran, kuma ta yaya suke ƙetarar da su. Ashe shi ma bai taɓa wuce Jega ba. Ya jawo turmi ya zauna, har aka kira magariba yana tambaya tana ba shi amsa.

Da ƙafa ta saɓe ta ci gaba da fita. Don a daina magana ta fara ƙulla daddawa da kuka tana kaiwa kasuwannin ƙauye, ko da yake sau da yawa takan dawo da rabin kayan don ta bar su wurin wata ta tafi zagaya gari. Ta je Argungu, ta je Birnin Kebbi, ta je Sakkwato ta ziyarci hubbare, ta dawo tana ba da labarin kasuwa da gidan ruwa. Gadar nan ce ba ta kai ba. Shekarar da soja suka karɓi mulki ƙasa ta rikice, motocin kudu suka yi wuya, muka taru muka roƙe ta ta haƙura. Kafin hanya ta sake daidaita gwiwoyinta sun fara ba ta wahala.

Fitarmu ta ƙarshe tare ita ce zuwa wani dutsi mai shimfiɗaɗɗen kai da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, wanda take hange daga kan mota duk lokacin da ta zo wurina. Muka sa direba ya sauke mu a daidai wurin, da alkawarin zai ɗauke mu in ya juyo daga kasuwa. A gindin dutsin ta gwada hawa, gwiwa ta ƙi. Ta ce in hau in dubo mata. Na hau ina haki, na duba, na sauko na ce mata gonaki ne, da rufin ƙauyuka, da layin itatuwa inda gulbi ya bi. Ta tambaye ni ko ruwan kansa ake gani ko itatuwan kawai. Ta tambayi ko ana hangen rimayen Tambuwal. Ta tambayi abin da ya tsiro a saman, ko ana noma wurin. Na ce ban lura ba.

"Kai ba ka iya dubi ba," in ji ta.

Wasu mata masu itace suka zo wucewa, ta tare su, suka ce ta baya akwai hanyar awaki mai sauƙi. Muka zagaya. Ta dafa kafaɗata, mu hau kaɗan mu tsaya, mu hau kaɗan mu tsaya, rana tana ta yin ƙasa. A sama iska ce kawai da jan tsakuwa da 'yan sabara. Ta saki kafaɗata ta je baki ta duba, ta koma wancan bakin ta duba, ina bin ta ina riƙe da gefen mayafinta kada ta zame. Ta ce ruwan ana ganinsa, ga shi can yana ƙyalli tsakanin itatuwa, ta nuna mini. Gaskiyarta ce.

Saukowa ta fi hawa wuya. A inda ya fi tsayi na goya ta, tana faɗa tana cewa in ajiye ta kada wani ya gani. Da muka iso bakin hanya sai muka ga sawun taya sabo a kan rairayi, motarmu ta wuce ba ta same mu ba. Na ce babu komai, akwai wata da takan biyo baya, mu zauna a gindin wata kalgo mu jira. Na shimfiɗa mata rigata ta sama. Ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta murza gwiwa. Ko numfashina bai gama daidaita ba ta dafa ƙasa ta tashi, ta ɗauki butarta, ta kama hanyar Tambuwal tana ɗingishi.

"Taho," ta ce. "Mota ta iske mu gaba."

Na kakkaɓe rigata na bi ta.